Ƙaho Ya Fi Ƙarfin Ɗan Yatsana, Baba Kuma Ya Ce In Daure

Kawu, barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 19. Shekara biyu ke nan ina busa ƙahon Faransa a wata ƙungiyar badujala ta matasa a garinmu. Ƙahon na ƙungiya ne, shi kaɗai muke da shi, kuma karɓa-karɓa muke yi da wani yaro da hannunsa ya kusa ninka nawa. Matsalata hannun hagu. Ƙugiyar da ake saƙala ƙaramin yatsa ta yi mini nisa, sai na baje yatsuna kafin in kai gare ta. Da farko gajiya ce kawai. Yanzu in na yi minti 20 ina busa sai ƙaramin yatsan ya sage, wani lokaci har da gefen na kusa da shi, wuyan hannun kuma ya ɗau zafi. Na faɗa wa malaminmu, tsohon ɗan badujalar soja ne da muke kira Baba. Ya ce kowa da haka ya fara, in daure, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa masa ƙaho. Mamata ta ce in bar busar gaba ɗaya tun ban nakasa ba. Ƙawata ta nuna mini wani ɗan ƙarfe a intanet da ake liƙawa don ya tallafi hannu, ta ce in saci jiki in kai wa mai walda, Baba ba zai lura ba. Na kuma ga masu amfani da maɗaurin fata. Saura wata biyu in je gwajin shiga makarantar kiɗa a Legas. Wanne zan zaɓa? Yaya zan yi da Baba? Ba na son in ɓata masa rai, shi ya koya mini komai, ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Wata mai busa, daga Arewa

'Yata, sannu da ƙoƙari, sannu kuma da hannu. Kafin mu shiga zaɓi, bari in fara cire abu ɗaya daga lissafi: kada ki kai ƙahon nan wurin mai walda. Na san ƙawarki da zuciya ɗaya ta faɗa, amma jikin ƙaho tagulla ce siririya, a wasu wuraren kaurinta bai wuce rabin milimita ba, gaɓoɓinsa kuma da dalma aka haɗa su, wadda ɗan zafi kaɗan ke narkarwa. Wutar da ake haɗa ƙyauren gida da ita tana taɓa shi za ta huda shi, ko ta saki haɗin da ke kusa iska ta riƙa zurarewa. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Sannan Baba zai lura. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge kayan busa kafin fareti, ko zanen farce aka yi wa ƙahon nan sai ya gani. Ranar da ya gano kin yi a ɓoye, ba ƙahon kaɗai kika ɓata ba.

Yanzu maganar dauriya. Baba yana da rabin gaskiya. Duk wanda ya fara ɗaukar ƙaho sai kafaɗa ta yi tsami, dantse ya gaji, kuma wannan yana wucewa in jiki ya saba. Amma abin da kika kwatanta ba shi ba ne. Ke ba sabuwar shiga ba ce, shekararki biyu, kuma abin gaba yake yi maimakon baya. Gajiya a tsoka take zama, kina hutawa ta tafi. Sagewar yatsa kuwa maganar jijiya ce. Akwai wata jijiya da ke bi ta bayan gwiwar hannu, daidai wurin da in kika buge da gefen tebur za ki ji kamar lantarki ya ja ki, ta gangara ta gefen wuyan hannu ta ƙare a ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe. Dubi yadda kika faɗa da bakinki: ƙaramin yatsa da gefen na kusa da shi. Taswirar wannan jijiyar kika zana ba tare da kin sani ba. Jijiya kuwa ba ta koyon juriya. In an matsa mata sai ta yi ƙara, in aka ci gaba da matsawa sai ta fara yin shiru, shirun nan kuma shi ne abin tsoro.

Kada ki ɗauka jikinki ne ke da wani aibu. Ƙahon ne ya zo da rashin adalci a tarihinsa. A da ba shi da madannai ko ɗaya, bututu ne kawai a nannaɗe. Wajen shekarar 1750 wani mabushi a birnin Dresden, Anton Hampel, ya shahara da dabarar cusa hannun dama cikin babban bakin ƙahon don a samu sautukan da babu su, sai hannun dama ya samu wurin zama na dindindin a can. Da Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul (wato 'yar na'urar da ke karkatar da iska cikin bututu don sauya sauti in an danna madanni) a 1818, hannun da ya rage ba shi da aiki shi ne na hagu, aka ɗora masa madannai uku. A 1897 kuma shagon Kruspe da ke Erfurt ya fito da ƙaho mai ɓangare biyu, aka haɗa ƙaho mai muryar F mai tsawon bututu kimanin mita 3.7 da mai muryar B-filat mai kimanin mita 2.7 a jiki ɗaya, aka ƙara wa babban yatsa nasa madannin. Nauyi ya ƙaru, aiki ya ƙaru, hannun bai ƙaru ba. (Ki lura duk waɗannan garuruwan na Jamus ne. Sunan Faransa kawai ya bi shi, har ƙungiyar mabusan ƙaho ta duniya ta nemi a 1971 a riƙa kiransa ƙaho kawai.) Ƙaho mai ɓangare biyu yakan kai kilo biyu da rabi ko kusa da haka, nauyin ledar fiya wata biyar ke nan. Yatsu huɗu suna kan madannai suna aiki, sai aka bar wa autan yatsu, wanda ya fi kowa rauni, tsaron kayan kada su zame. Inda aka dasa ƙugiyar kuwa, da hannun ƙaton namiji aka auna.

Ki gwada wannan yanzu, ko kina kan karatun. Ki kifa tafin hannunki na hagu a kan tebur, ki baje ƙaramin yatsa waje iya iyawarki, ki danna shi da ƙarfi, sannan ki yi ƙoƙarin buga yatsan zobe da sauri a kan teburin. Kin ji yadda ya yi nauyi, kamar an ɗaure masa dutse? Yanzu ki saki ƙaramin, ki sake bugawa. Yatsun nan biyu maƙwabta ne da ke tarayya a tsoka da jijiyoyin motsi, in ɗaya ya ƙage sai ɗayan ya yi nauyi. Yatsan zoben nan shi ke kan madanni na uku. Ma'ana ƙugiyar nan ba ciwo kaɗai take jawo miki ba, tana cin saurin yatsunki. Ki riƙe wannan, domin da shi za ki shiga wurin Baba.

Abin da muke nema ɗaya ne: nauyin ya tashi daga ƙaramin yatsa ya koma wurin da ke da ƙashi da nama, wato gindin yatsan nuni da bayan hannu, wani kaso kuma ya koma hannun dama da cinya. Duk abin da za ki saya ko ki ɗinka, da wannan za ki auna shi.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. In kina zaune, ina bakin ƙahon yake? Mabusa sun kasu biyu, wasu suna ɗora gefen babban bakin a kan cinyar dama, wasu suna ɗage shi sama. Kowanne yana da manyan gwanaye a bayansa, kuma ke a halin da kike ciki ɗorawar ta fi miki, domin cinya za ta kwashe kaso mai yawa. Sharaɗin kawai kada ki lanƙwasa wuya kina bin bakin busa. Shi zai zo wurin leɓenki, ba ke za ki je wurinsa ba. In ɗorawar ta sa ya yi miki ƙasa, ki naɗe ɗan tawul ki sa a cinyar, ko ki sa wani abu ƙarƙashin ƙafar dama. In kuma a tsaye kike, ki tambayi hannun damanki ko yana ɗaukar rabonsa. Sau da yawa yakan shiga cikin bakin ƙahon ya kwanta abinsa ya bar wa hagu komai, alhali ya kamata nauyin ya zauna a kan gaɓar babban yatsa da ta yatsan nuni na dama.

Sai ki duba ƙugiyar da kyau cikin haske. Wasu ƙahonin zamani suna zuwa da ƙugiya mai ɗan sukuru, a kwance a matso da ita a ɗaure. Na taɓa ganin yaron da ya shekara yana fama, ashe sukurun yana nan, datti da tsatsa ne suka rufe shi. In taki irin wannan ce, rabin matsalar ta ƙare da sukundireba. Ki kuma leƙa bayan bawul ɗin. In zare ne ke juya su, ba sandunan ƙarfe ba, to ana iya ɗaga madannai ko a sauke su ta hanyar sassauta ɗan sukurun da ke riƙe da zaren, a daidaita tsayin, a sake ɗaurewa. Wannan aikin kada ki yi shi ke kaɗai karon farko, aikin Baba ne, kuma ya iya. In madannan sun yi wa yatsunki nisa, mabusa da yawa a Amurka sukan sa a liƙa musu ƙananan kwabbai a kan madannan don su ƙara tsayi. Ke da ƙahon ba naki ba, ɗan yankin roba ko toshiyar kwalba da aka manna da salatif mai fuska biyu zai yi wannan aikin, kuma ana ɓare shi ba tare da ya bar tabo ba.

Yanzu ga zaɓin da kika tambaya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba: maɗaurin fata nake zaɓar miki. Dalilina na farko ba ma na lafiya ba ne, na zaman tare ne. Ƙahon ba naki ba ne, kuma akwai mai babban hannu da ke jiran nasa lokacin. Duk abin da aka liƙa daidai da hannunki zai zame masa ƙaya, shi ma yana da haƙƙi. Maɗauri kuwa kina gamawa ki kwance abinki ki sa a jaka, ƙaho ya koma yadda Baba ya san shi. Dalili na biyu shi ne yadda yake raba nauyi. Yakan taso daga wajen ƙugiyar, ya bi ta bayan hannu ƙasa kaɗan da gaɓoɓin yatsu, ya ratsa tsakanin babban yatsa da yatsan nuni, ya koma ya kama bututun. Sai ƙahon ya zama a rataye yake a hannunki, ba riƙe shi kike yi ba, kuma nauyin ya bazu a faffaɗan wuri maimakon ya taru a gaɓa ɗaya. Ana sayar da irinsa iri-iri a ƙasashen waje, wasu da igiya ake ɗaure su, wasu da mannen nan irin na takalmin yara, wasu kuma sai an liƙa musu ɗan ƙarfe a jikin ƙaho. Wannan na ƙarshen ba naki ba ne a yanzu.

Ba kuma sai kin jira saƙo daga Turai ba, kina ƙirga kuɗin dala da kwanakin hanya. A wannan fannin mu ke da gida. Fatar akuyarmu ta yi suna a duniya tun ƙarnoni, kuma ba garin da za ki rasa baduku. Amma kada ki je masa da baki kawai, domin bai taɓa ganin irin abin ba, zai ɗinka miki abin da ya ga dama. Ki fara yin gwaji da ƙyalle. Ki yanki tsohuwar atamfa, ki ninka ta har faɗinta ya kai na yatsu biyu, ki saƙala gefe ɗaya a ƙugiyar, ki bi da shi yadda na kwatanta, ki ɗaure ɗaya gefen. Ki yi busa da shi kwana uku ko huɗu, kina matsawa kina sassautawa, har ki samu inda hannunki ya ce nan ne. Ki sa alama da biro. Wannan ƙyallen shi ne awon da za ki kai wa baduku. Ki ce masa fata mai laushi kike so, wadda ba ta da kaifin gefe, a yi mata shafi da yadi ta ciki, a sa mata ramuka kusa da kusa kamar na maɗaurin agogo, domin fata tana miƙewa in ta sha gumi, kuma bayan mako biyu za ki so ki ƙara matsewa.

Ga yadda za ki san ya zauna daidai. Ki ɗaga ƙahon, ki zare ƙaramin yatsa daga ƙugiyar gaba ɗaya, ki bar shi yana lilo. In ƙahon bai zame ba, maɗaurin yana aikinsa. Yatsu ukun su faɗa kan madannai a lanƙwashe kamar kin riƙe lemo, babban yatsa ya yi motsinsa ba tare da fatar ta ja shi ba, wuyan hannu kuma ya miƙe daidai da dantse, kada ya karye ciki ko waje. Yatsa ɗaya na hannun dama ya iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. In kin cire kika ga ya bar miki shaida mai zurfi a fata, ko yatsun sun yi sanyi, ya matse da yawa.

Yana da nasa aibin, kada in yi miki tallar da babu gaskiya. Zare hannu yana ɗaukar lokaci, kuma kin san ƙaho da tara ruwa, sai an juya shi an zubar tsakanin waƙa da waƙa. Ki koyi shiga da fita har ya zame miki jiki, kada ranar gwaji a gan ki kina kokawa da fata. Na biyu, fata tana riƙe gumi, gumi kuma yana cin tagulla, ya bar kore a jiki. Ki riƙa kwancewa kullum, ki goge wurin da busasshen ƙyalle, musamman a watannin zafi. Na uku ya fi su haɗari, kuma ba kowa ke faɗarsa ba. Mabusa da yawa suna amfani da ƙugiyar nan wajen janyo ƙahon su danna shi a leɓe in za su hau sauti na sama. Ba mamaki wani ɓangare na ciwonki daga nan yake. Maɗauri yana ba ki ƙarfin dukan hannu, don haka in ba ki kula ba sai ki ƙara dannawar, ciwon ya tashi daga yatsa ya koma leɓe. Ki riƙa duba madubi bayan busa. In zoben da bakin busa ya bari a leɓenki ya fi na da zurfi, to ki sassauta.

Ɗan ƙarfen da ƙawarki ta nuna miki kuwa abu ne mai kyau, lokacinsa ne bai yi ba. Turawa suna yi masa laƙabi da ƙafar agwagwa saboda siffarsa. Yakan tsaya a jikin bututu ya jingina da gindin yatsan nuni, kuma masu kyan suna da gaɓa, a naɗe su in za a sa ƙaho a akwati. Na kamfanin Alexander da ke Mainz, wanda ke ƙera kayan kiɗa tun 1782, yana cikin waɗanda aka fi sani. Daɗinsa shi ne hannu yana shiga ya fita ba wata tangarɗa. Wahalarsa kuma ita ce nauyin duka yana taruwa a wuri ɗaya ƙarami, kuma in aka kuskure wurin dasawa da 'yan milimita kaɗan sai ya danne gefen yatsan nuni, ki rabu da sagewar wannan yatsa ki koma ta wancan. Shi ya sa gwanin gyara ba ya liƙa shi sai mai ƙahon yana tsaye yana riƙe da kayansa. Akwai irin da ake ɗaurewa da sukuru ba liƙi, amma in hannu ya yi nauyi wajen ɗaurewa sai bututun ya loɓa. Haka ma matso da ƙugiyar kanta: ƙaramin aiki ne a wurin mai gyaran kayan busa na gaskiya, sai dai yana barin tabo inda aka cire ta, kuma zai takura abokin karɓa-karɓarki. Ki ajiye waɗannan biyun sai ranar da kika mallaki naki. A Legas za ki haɗu da mabusan da za su nuna miki wanda suke kai wa nasu.

Akwai kuma masu ɗauke nauyin gaba ɗaya daga hannu. Wani mabushi ɗan Ingila, Pip Eastop, ya ƙirƙiro sanda da ake haɗawa a ƙasan ƙaho ta tsaya a kan cinya, kamfanin ErgoBrass na ƙasar Finlan kuma yana yin mai sifirin a ciki. Na ambace su ne don ki san ƙofa ba ta rufe ba ko da maɗauri bai wadatar ba, kuma don ki ga cewa manyan ƙwararru ma ba su ɗauki neman tallafi abin kunya ba.

Mamanki fa? Kada ki ga kamar ba ta fahimce ki ba. Ita ba ƙaho take gani ba, 'yarta take gani tana murza hannu da daddare, kuma a cikin mutum ukun nan ita kaɗai ce ta ɗauki ciwon da muhimmancin da ya kamata. Inda ta zarce shi ne maganin. Hanyar kwantar mata da hankali ba gardama ba ce, ki ce mata ta raka ki asibiti, sashen gashin ƙashi, ki tafi da ƙahon in Baba ya yarda, ko hoton yadda kike riƙe shi, domin su ga abin da idonsu. Ina so ki je a cikin makon nan ko na gaba, ba sai abin ya ƙara ba. In kuwa sagewar tana daɗewa bayan kin ajiye ƙaho, ko tana tashinki daga barci, ko kin fara jin abu yana suɓuce miki, makulli yana gagarar murɗawa, to ki dakatar da busa har sai likita ya gan ki, gwaji ko ba gwaji. Kada kuma ki sha maganin kashe zafi don ki samu ki ƙara awa ɗaya, wannan toshe bakin mai gargaɗi ne. Ki lura da abin da kike yi in ba kya busa: kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin kai, dogara gwiwar hannu a kan tebur, daɗewa da waya a kunne, duk suna matsa wa wannan jijiyar.

Saura Baba, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ki sa kanki a matsayinsa na ɗan lokaci. Ƙaho ɗaya gare shi, wataƙila da roƙo da bin ƙafa aka samo shi, in ya lalace ba a san ranar samun wani ba. Ina kyautata zaton ya sha ganin kayan busa da gyaran ganganci ya kashe. Ya kuma fito daga gidan da ake tsayuwa a rana sa'o'i ba a cewa wayyo. Da kika ce masa hannunki na ciwo, abin da kunnensa ya ji shi ne yarinya ta fara ragwanci ana saura wata biyu, da kuma za a taɓa masa kaya. Ba ƙinki yake yi ba. Wanda ba ya son ki ba zai ba ki shekara biyu na ransa kyauta ba.

Don haka kada ki sake tayar da maganar a filin atisaye gaban yara, inda ko ya so ya sauko girma ba zai bar shi ba. Ki same shi shi kaɗai, ko ki je gida ki gaishe shi. Kada ki fara da ciwo, kada kuma ki ce kin karanta a intanet. Ki ce, "Baba, yatsana na uku yana makara a wurare masu sauri, na rasa dalili, don Allah ka duba mini riƙona." Wannan tambayar malami ce, kuma gaskiya ce. Ki busa masa wuri mai sauri da yatsa a ƙugiya. Sannan ki fito da ƙyallenki, ki nemi izini, ki ɗaura a gabansa, ki sake busa wurin. Gani ya kori ji. Ki kwance ƙyallen ki miƙa masa ƙahon ya juya ya ga ba abin da ya taɓu. Daga nan ne za ki faɗa masa maganar sagewar, da cewa Mama za ta kai ki asibiti, ki kuma roƙe shi ya duba tsayin madannan, ya kuma zaɓa miki badukun da ya yarda da aikinsa. In ya sa hannu a ciki, gobe shi za ki ji yana nuna wa wani yaro kamar shi ya ƙirƙiro. Ki bar masa, ba abin da ya rage ki.

In ya ƙi fa? Yana iya ƙi a ranar farko, tsofaffi ba sa son a ga sun juya nan take. Ki yi godiya ki tafi, ki ba shi kwana biyu. In ya dage, sai Mama ta je da kanta da takardar asibiti, babba da babba. Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne ki koma busa da yatsa a sage don kawai kada ransa ya ɓaci.

Game da gwajin, wata biyu ya isa in kin fara yau. Mako na farko na ƙyalle ne da asibiti da Baba, na biyu na baduku. Ki raba atisayenki gajere-gajere, minti 15 ki ajiye ƙaho ki saki hannu ya rataya, ki dawo, maimakon zama ɗaya mai tsawo. Tunda yanzu a minti 20 yake sagewa, ki tsaya kafin ki kai can. A lokacin hutun kina iya rera abin da za ki busa da baki, ko ki yi aiki da bakin busa shi kaɗai, ba a rasa abin yi. Mako biyun ƙarshe kada ki canza komai, ko rami ɗaya na maɗaurin. Ki ɗinka guda biyu, ɗaya a akwatin ƙaho, ɗaya a jakarki, domin hanyar Legas tana da nisa kuma ƙaramin abu ba ya wuyar ɓata. Ki kuma tambaya tun yanzu ko a tsaye ake gwajin ko a zaune, ki yi atisaye a yadda za a same ki.

Bayan mako biyu ki sake rubuto mini. Ki faɗa mini minti nawa kike kaiwa kafin yatsan ya fara magana, abin da likita ya ce, da kuma abin da Baba ya yi da ya ga ƙyallen. Ki gaishe mini da Mama.